Maginin da Ya Raka Tauraro Har Magariba

Isiyaku magini ba ya jiran rana. Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu ta nan Ƙofar Mazugal, sai ya saɓa tsaninsa ya nufi gidan da ke da aiki. Kafin mai koko ta sauke tukunya ya hau soro. Ba ya fara taɓa komai da hannu. Takawa yake yi, ba takalmi, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tafin ƙafarsa ne ke gaya masa inda ƙasa ta saki, da inda gara ta ci azara, da inda ruwan bara ya kwanta. Ya leƙa indararo ya zare sheƙar tsuntsu. Sannan ya ce a miƙo. A curo ƙasa a jefa masa, ya cafe, ya maka, ya shafe da tafi. Haka har rana ta take. Ya sauko ya yi sallah, ya sha fura a gindin katanga, ya kishingiɗa yana kallon sama. Magini ba ya rabuwa da kallon sama, don daga can abokin gabarsa yake zuwa.

Haka na san shi tun gemunsa na baƙi. Bana gwiwa ta ƙi. Ya jingine tsanin a zaure ya ce ya sauka ke nan. Ba a yi kiɗa ba, ba a yi shela ba. Ni kuwa ban yarda a yi shiru ba.

Ni ne Jibrin maƙeri. Karatuna bai wuce na sallah ba, kuma ban saba yabon mutum ba. 'Ya'yana shaida ne. Amma wannan ya isa a faɗa, zan kuma faɗa a gajarce.

Mutanen unguwa sun ga ranar da ya rushe katangar da ya yini yana ɗorawa. Mai gidan ya ce shi bai ga aibunta ba. Isiyaku ya ce ta karkata, yau ba ta nuna ba, amma za ta nuna a kan jikokinsa. Ya ture ta da kafaɗa, washegari ya sake. Sun ga ranar da wani attajiri ya ce a shafe masa soro a kan ruɓaɓɓiyar azara, don yana da biki kuma yana sauri. Isiyaku ya sauko da tsaninsa ya yi masa sallama. Kuma kowace shekara, in lokacin yaɓe ya zo, ɗakin 'Yardada mai daddawa yake fara hawa, tsohuwar da ba ta da mai kwaɓa mata ƙasa. Shi ke kwaɓawa, shi ke jefa wa kansa. Ita kuma tana daga ƙasa tana yi masa faɗa wai yana zubo mata ƙasa a kan shanya.

Waɗannan ƙanana ne. Ga babban.

Bayan Nasara sun ci garin nan, mutane da yawa sun yi gabas. Suka ce ba za su zauna a ƙarƙashinsu ba. Mu da muka zauna, zaman bai zama na kwanciyar rai ba. Kowa yana da wani nasa a kan hanya. In mutum ya kwanta sai ya riƙa tambayar kansa ko shi ne ya yi kuskure. Shekaru suka ɗan tura a haka, ciwon yana nan a ƙarƙashin riga.

Wata bazara, da hantsi, shirwa ta sure wa 'Yardada ɗan tsako. Ta bi ta da ido tana tsine mata. Shirwa ta yi sama ta yi gabas har ta ƙanƙance. A nan idon tsohuwa ya faɗa kan wani abu fari, kamar ƙwayar gishiri a kan shuɗi. Tauraro, rana tana sama. Ta yi salati ta kira maƙwabta. Wasu suka gani, wasu ba su gani ba. Wanda duk ya gani sai ya rufe fuska ya faɗa gida.

Washegari aka sake ganinsa, da hantsi, a gabas. Kafin a yi wata Juma'a magana ta gama unguwa. Aka ce tauraro ba ya fitowa da rana a banza. Aka ce tunda a gabas ya tsaya, ragowar mutane yake kira, kuma wanda ya ƙi wannan kiran babu wani a bayansa. Limaminmu Mala Ari ya yi magana bayan sallah. Ya ce taurari bayin Allah ne kamar mu, ba sa kiran kowa. Aka tambaye shi ko ya gan shi. Mutum ne mai gaskiya, ya ce idonsa ya yi rauni, ya duba bai gani ba. Sai aka ce to Liman bai gani ba. Aka ci gaba da ɗaure kaya.

Cikin masu ɗaure kayan har da ƙanena Ashafa, uwa ɗaya uba ɗaya. Amininsa ya tafi a tafiyar farko, shi ma ya so bi, na hana shi. Wannan karon ya naɗe zugazuginsa, ya aiko mini da uwar maƙerar babanmu ya ce in riƙe, ta yi wa jaki nauyi. Matarsa Zinariya tana da tsohon ciki. Hadari ya fara leƙowa da yamma. An sa Asabar ayari zai fita. Na je na sami Ashafa, na ce mace mai wannan ciki ba ta shiga daji a bakin damina, ko dai ta haihu a gindin ƙaya ko a binne ta a can. Na yi masa faɗa irin wanda na saba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Yaya, wancan karon ka hana ni na hanu. Wannan karon ba kai ka yi kiran ba."

Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Na fito.

Lokacin yaɓe ne, amma ba wanda ya kwaɓa ƙasa. Masu tafiya suka ce wa zai gyara gidan da zai bari. Masu zama suka ce a bari a ga abin da zai faru. Soraye suna nan da tsagarsu ta rani, baki buɗe, suna jiran ruwa.

Isiyaku ba ya nan a kwanakin. Yana Gwale yana wani aiki, can yake kwana. Ranar Laraba ya dawo, ya saɓo tsani ya nufi gidan Ashafa, don soronsa ne a kan layi. Ya tarar da kaya a ɗaure a zaure, mutane zazzaune, ni ma ina ciki. Ya tambayi ina ƙasa. Aka ba shi labari. Ya ce a nuna masa wajen. Ya tsaya daga cikin ƙofar zaure, inda rana ba ta dukan ido, ya ɗaga kai. Bai daɗe ba.

Ya ce, "Wannan? Ai Zara ce."

Aka yi dariya, irin wadda aka kwana biyu ba a yi ba. Ashafa ya ce rana ta dafa masa kai a kan soro. 'Yardada tana bakin ƙofa da faifan daddawarta, ta ce ta san Zara tun uwarsa ba ta yaye shi ba, da magariba take fitowa ta wajen Dala, me zai kai ta gabas da hantsi, ko cefane aka aike ta.

Isiyaku bai yi musu da kowa ba. Ya ce shi dai ya daɗe yana ganinta in ya kishingiɗa a gindin katanga, wata shekarar tana nan, wata shekarar babu. Maigidansa da ya koya masa gini ne ya fara nuna masa. Bai taɓa faɗa ba don ya ɗauka kowa ya sani. Sannan ya yi tambaya guda. Ya ce cikin waɗanda suka ga tauraron, wa ya tsaya ya ga inda yake zuwa.

Babu. Kowa kallo ɗaya ya yi masa ya sunkuya.

Ya ce, "To ku ba ni yini guda. Gobe. Mu riƙe shi da ido tun hantsi. In magariba ta yi ba Zara ba ce, ga tsanina, ku sare shi ku dafa guzuri."

Wanda ya san magini ya san abin da ya ajiye. Tsanin nan na maigidansa ne, bai taɓa ba da aronsa ba. Ashafa ya ce ya yarda, yini guda ba zai hana Asabar zuwa ba.

Ranar Alhamis da hantsi zauren Ashafa ya cika. Isiyaku ya kafa wata gwafa a bakin ƙofa, ya ce a riƙa leƙawa ta tsakaninta. Ya ce kada kowa ya nemi tauraro tukuna, ido ba ya kama shi in yana kusa-kusa. A nemi ungulu can sama, wadda ta fi kowace nisa, a bar ido ya huta a kanta, sannan a zame a hankali. Aka yi haka. Waɗanda suka kwana suna cewa ba su gani ba suka fara cewa ga shi.

Sai ya kama hannun Ashafa ya zaunar da shi a bayan gwafar. Ya ce tunda shi aka fi kira, shi zai riƙe. In idonsa ya gaji ya miƙa wa wanda ya yarda da shi, amma kada a saki, don kada wani ya ce an musanya.

Tauraro ya riƙa hawa. Isiyaku yana gyara gwafa, yana ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Da saman ƙofa ya tare shi sai aka fito waje. Rana ta take, ba inuwa ko'ina. Ya sa aka ɗaga zana a kan sanduna ta tare ranar, aka bar gefen da tauraro yake a buɗe. Zufa tana zuba. Ba wanda ya tafi.

Azahar ta yi. Aka tsaya ana duban juna, don in duka aka shiga sallah an saki. Mala Ari ya ce a yi ta kashi biyu, wasu su yi, wasu su tsare, lokaci yana da faɗi. Ashafa ya duba jama'a ya rasa wanda zai ba, sai ya ce, "Yaya." Na zauna na karɓa. Idon maƙeri ya saba da tartsatsi, bai ba ni wuya ba. Na riƙe masa har ya idar, na mayar masa da abinsa yadda ya ba ni.

Wajen la'asar tauraro ya zo tsakar ka. Wuya ya kasa. Isiyaku ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin doguwar katangar gidanmu ta gefen gabas, inda katangar ta ɓoye rana. Magidanta masu furfura suka kwanta rigingine a bakin hanya. 'Yardada ta zo wucewa ta ce ba ta taɓa ganin shanyar kuɓewa mai gemu ba sai yau. Wasu masu jakai da suka shigo ta Ƙofar Ruwa suka tsaya suna tambaya ko annoba ce. Aka ce su nemi ungulu. Su ma suka kwanta.

A nan wani ya ce, a hankali, ai ya bar gabas. Na dubi Ashafa. Idonsa na sama.

Sai gajimare ya taso. Ba babba ba ne, amma ya zo daidai ya rufe shi. Mutane suka tashi zaune. Masu son tafiya suka ce shi ke nan, ya ɓuya, ya ƙi a bi shi, duk abin da ya fito bayan wannan wani ne daban. Har wani ya tambayi ina gatari. Isiyaku bai motsa daga kwanciyarsa ba. Ya ce tun hantsi suna tare da shi, sun ga irin tafiyarsa, ba ya gudu ba ya tsalle. Ya ɗaga hannu ya nuna bakin gajimaren, ya ce Ashafa ya ajiye idonsa a nan, kamar faɗin tafi daga inda ya ɓace, ta wajen yamma.

Kowa ya kafa ido a wurin. Na ji kukan 'yan tsakin 'Yardada daga cikin gida. Gajimare ya ja jiki.

Ashafa ya ce, "Ga shi." Shi ya gani da kansa, kafin kowa, a inda aka ce masa.

Da rana ta yi ƙasa katanga ta tare mana shi, Isiyaku ya jingina tsaninsa a soron Ashafa, wanda ba a yaɓe ba. Ya hau gaba yana cewa a taka nan, kada a taka can, wajen ya saki. Ya tsayar da kowa inda zanko zai rufe masa rana. Waɗanda soro bai ɗauka ba suka hau na maƙwabta. Mata suna tsakar gida suna leƙe, na hango Zinariya ta dafa turmi ta ɗaga kai.

Tauraro ya gangara yamma yana bin rana. Tun ana neman ungulu kafin a gan shi, har ya zama ba a bukata. Rana ta faɗa bayan Dala. Sama ta yi ja, ta yi duhu-duhu. Ƙwayar gishirin nan da muka riƙe tun hantsi ta riƙa ƙara haske, ta riƙa ƙarawa, har ta tsaya tana walƙiya a wurin da kowane ɗan unguwar nan ya saba ganin Zara in zai tafi masallaci.

Daga ƙasa muka ji 'Yardada. "Wallahi ita ce. Ja'ira, ashe yawon rana take yi."

Isiyaku ya juya ya dubi ƙanena. Ya ce, "Ashafa, in bin ta za ka yi, ta Ƙofar Kabuga za ka fita. Yamma ta yi."

Soraye suka ɗauki dariya, daga wannan zuwa wancan, har ladan ya dakata kafin ya iya ɗaga murya. Ashafa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya ya sa yatsa a cikin tsagar soronsa, yatsan ya shige duka.

Ya ce, "Gobe da asuba za ka zo, ko sai na roƙe ka?"

Isiyaku ya ce in ya tarar da ƙasa a kwaɓe.

Ya tarar. Ranar Asabar da aka sa ayari zai fita, unguwa tana cikin taɓo har gwiwa. Masu jakan da aka ɗauka don tafiya, ƙasa suka yini suna kawowa. An makara, kowa ya sani. Hadari yana haɗuwa kullum da yamma yana watsewa. Isiyaku ya riƙa sauka daga wannan soro yana hawa wancan, fura ma a sama ake miƙa masa. Tafin hannunsa ya tsage, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ni da ban taɓa curar ƙasa ba na cura. Ashafa ya zo da kansa ya ɗauki uwar maƙerar babanmu a ka ya mayar da ita wurinta.

Ba kowa ne ya zauna ba. Akwai gidajen da suka ce su ba don tauraro suka yi niyya ba, suka tafi. Ban zagi wanda ya tafi don addininsa ba, Allah ya sada su da alheri. Amma wanda tsoro ya ɗaure wa kaya, duk ya kwance.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, da iska, irin mai kayar da bango. A unguwarmu ko ɗaki ɗaya bai rushe ba. A cikin ruwan nan Zinariya ta haihu, a ɗakinta, a kan busasshen daɓe, ungozoma a gefenta. Ashafa ya so namiji don ya sa masa Isiyaku. Mace aka samu. Sai ya sa mata sunan matar Isiyaku, Uwani. Yau tana gidan mijinta a nan bayanmu, da goyo a baya da wani a hannu.

Isiyaku, kai ne ka yi wannan. Ba ka yi wa'azi ba, ba ka yi rantsuwa ba, ba ka ce wa kowa wawa ba, ko da yake ranar nan da ka faɗa da ba ka yi ƙarya ba. Kai ne ka kama mu kamar yadda kake kama katangar da ta karkata, ka tsayar da mu wuri guda har muka ga abin da ke gabanmu. Ka ajiye tsanin maigidanka a kan maganarka, ka ɗauki abinka. Mijin Uwani, hana yoyo. Mun kwana a ƙarƙashin hannunka shekara da shekaru, ruwa yana dukan soro muna barci, ba mu taɓa tashi mun ce an gode ba.

To an gode. Ni Jibrin na gode, ƙanena ya gode, 'yarsa da jikokinsa sun gode. Allah ya sassauta wa gwiwar nan. Allah ya gina maka a inda ba a yaɓe.

Jiya na wuce ta zaurensa da hantsi. Yana zaune daga ciki, ƙafa a miƙe, kansa a ɗage. Na ce me ake dubawa. Ya ce bana ma tana nan, in ina so in zauna. Na zauna. Na nemi ungulu.

Ku samarin yanzu, ku je ku gaishe shi tun yana nan. Mai sana'a ya yi ta yadda ya yi tasa, ya rushe abin da ya karkata ko da mai shi bai gani ba. In kuma wani abu ya fito muku da ba ku saba gani ba, kuma zai fito, kada ku yi masa kallo ɗaya ku ruga ku ɗaure kaya. Ku nemi inuwa, ku zauna, ku raka shi har magariba.

Damina ta kusa, Isiyaku ya sauka. Wani ya ɗauki tsanin.